Ƙaramar Taɓaryar Haruna

Wata ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Sha'aban na shekarar 1966, ƙanena Haruna ya tsaya gaban randa a tsakar gidanmu na unguwar Ruwais da ke bakin teku a ƙasa mai tsarki, ya miƙa yatsa yana nuna moɗa. Mu uku muka zabura lokaci guda, ni da yayata Binta da Inna, kowa na rige-rigen ɗebo masa ruwa. Kakarmu Iya, wadda ke dakan yaji a gindin bango, ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ku zauna. Yaro yana da baki har uku a jikin mutane, me zai yi da nasa?" Ita ta tashi ta ɗebo ruwan, ta durƙusa gabansa ta tambaye shi, "Ruwa za ka sha ko moya?" Daga nan ta yi shiru, ta zuba masa ido. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar in amsa masa in huta. Can ya buɗe baki a hankali ya ce, "Moya." Ta ba shi, ta koma bakin turminta kamar ba a yi komai ba.

Shekarar Haruna huɗu a lokacin, amma kalmominsa ba su wuce "Inna" da "moya" da "la" ba, wato ruwa da a'a da Larabci, alhali sa'anninsa suna ta zuba da Hausa da Larabci har sai an ce su rufa wa mutane baki. Gidanmu na katako da kwano ne, Baba ya haɗa shi da akwatunan da yake samowa a tashar jiragen ruwa inda yake dako. Iskar teku na shigo mana da ƙarnin kifi, mai jakin ruwa na zagayawa da garwaninsa, mu kuma yara muna bakin lungu muna langa da carafke da ƙwallon tsumma. A duk wasannin nan aikin Haruna ɗaya ne, gadin takalma. Wata rana Inna ta ji yaran suna kiran sa bebe. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, domin abin da take tsoro ke nan tun tuni: ɗanta namiji tilo ya girma ba ya iya mayar wa mutum magana. An ba shi rubutu, an ba shi ruwan Zamzam. Baba ya ce harsuna biyu ne suka sarƙe masa, daga yau Larabci kawai za a yi a gidan. Dokar ba ta kai magariba ba, don shi da kansa ya fara karya ta da ya taka garwashi ya kurma ihu da Hausa.

Iya ba ta shiga wannan gardama ba. Tsohuwa ce da ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta yi shekaru a Sudan kafin ta ƙetaro teku, saboda haka jira ba ya ba ta tsoro. Sana'arta dakan yaji ga masu tsire da dakan lalle ga matan Larabawa. Ta sa Baba ya sassaƙa wata 'yar taɓarya daidai tsawon Haruna, ta ce daga yanzu shi ne abokin lugudenta. Lugude kuwa ba a yin sa da haɗama, sai ɗaya ya ɗaga sannan ɗaya ya sauke, in ba haka ba taɓare su gwabzu. Sai ta buga ta ce "citta," ta riƙe taɓaryarta a sama tana jira. Da farko bugawa kawai yake yi yana dariya. Ba ta matsa masa ba, ta karɓi bugun a matsayin amsa. Bayan kwanaki ya soma haɗawa da ɗan sauti, "ta," sai ta ce, "Ƙwarai, citta," ta wuce kan masoro. In ya ce "kono," ta mayar masa da "barkono mai zafi," ta yi atishawar ƙarya, shi kuma ya faɗi ƙasa don dariya.

Mu ne muka sha wuya. An hana mu amsa masa, ga Binta da baki kamar rediyon mai shayi. Sau da yawa Iya kan ce mata, "Haɗiye, ba layinki ba ne." Da azumi ya shigo aikin daka ya ƙaru, sai aka tashi daga sunayen kayan yaji aka koma gaisuwa. Ta buga, "Ina kwana?" ya buga, "Lafiya." Ta buga, "Ina gajiya?" ya buga, "Ba jiya." Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta saman katanga suna kallon wannan makaranta mai sa hawaye da atishawa. Inna tana murna, amma ba ta saki jiki ba. Ta ce amsa kawai yake bayarwa, bai taɓa fara magana da kansa ba.

Bayan Ƙaramar Salla zazzaɓi ya kwantar da Iya, turmi ya kwana kife. Da safe muna shara sai muka ga Haruna ya jawo taɓaryarsa har ƙofar ɗakinta. Ya buga ƙasa sau ɗaya ya ce, "Iya, ina kwana?" Sannan ya ɗaga taɓaryar sama ya tsaya cik yana jira. Binta ta buɗe baki, Inna ta toshe mata shi da tafin hannu. Daga ciki muka ji muryar Iya a raunane, "Lafiya lau, ya waladi," wato yarona. Ya sake bugawa ya ce, "Jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya ɗan yi tunani, ya buga na uku ya ce, "Halas. Yalla, tashi daka," wato shi ke nan, maza ta tashi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana hawaye, tsintsiya na hannunta. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, kuma ranar Baba ya shigo da kifi har maƙwabta suka samu.

Daga nan bakin Haruna ya buɗe, har Baba ya riƙa tsokanar Iya wai ko tana da dakan da ke rage magana. Da ya girma tafinta ya zama, yana yi wa alhazai jagora da Hausa da Larabci. Yau gidajen katakon Ruwais sun tafi, muna zaune a benaye kowa da ƙofarsa a rufe, inji ke niƙa yaji kafin ka ƙifta ido. Jikokina suna da likitoci da kayan wasa iri-iri, na kuma gode wa Allah, amma nakan ga ana jefa wa yaro tambaya a wuce kafin ya haɗa amsa. A irin wannan lokaci nakan yi kewar Iya ƙwarai. Ita ta san yaro ma yana da abin faɗa, in an jira shi.