Ranar da Kwamfutata Ta Manta da Gero

Da na gama koyon rubuta manhaja a Kano, na koma ƙauyenmu da ke bayan Minjibir da tsohuwar kwamfuta a jaka da girman kai wanda ya fi ta nauyi. Ana dab da faɗuwar damina. Na ce wa Kawu, yayan mahaifiyata, zan yi masa manhajar da in an rubuta sunan amfanin gona za ta faɗi gonar da ta dace da shi da irin takin da yake so. Duk bayanin daga bakinsa na samo, amma a lokacin ban ga abin dariya a ciki ba.

A harkarmu akwai abin da ake kira bariyabul, wato mazubi mai suna da ake ajiye bayani a ciki. Na yi ɗaya na gero, ɗaya na dawa, ɗaya na gyaɗa. Sai na yi wata dabara da nake ji da ita: mazubi na huɗu ba ya riƙe komai sai sunan wani mazubin. In ka rubuta "gero", shi zai je ya nemo mazubin geron. Na gwada, ya yi aiki sumul.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma da safiyar ranar da zan nuna, na ga rubutun bai yi kama da na ƙwararru ba. Na kwashe dabarar na cusa ta cikin kilas, wani tsari da ake killace aiki a cikinsa, na bar mazuban amfanin gona a waje. Ban sake gwadawa ba, na tafi guge rigata.

Bayan la'asar Kawu ya tara abokansa a zaure. Na yi dogon jawabi, rabinsa da Turanci, sannan na rubuta "gero". Allon kwamfutar ya fito fayau, ba komai a kai. Na rubuta "dawa", haka. Kawu ya leƙo ya daɗe yana kallo.

"To, ɗan nan, ita tana nufin bana ba za mu yi gero ba ke nan?"

Na ce zafi ne ya dame ta. Wani dattijo ya miƙo mini mafici, kuma don rashin ta ido na karɓa na yi ta yi mata fifita har aka kira magariba.

Washegari na hau mota zuwa birni wajen malamar da ta koyar da mu. A hanya na shirya bayanin da zai nuna laifin injin ne. Ba ta ma bari na fara ba. Ta duba rubutun, ta ce aikin da ke cikin kilas ba ya ganin mazuban da ke waje. Ya karɓi sunan gero daidai, ya neme shi a inda yake tsaye, bai samu ba, ya dawo hannu wofi. Ko in shigar da mazuban cikin kilas ɗin in riƙa kiransu ta hannunsa, ko in miƙa masa su kai tsaye.

"Ran da na koyar da wannan kana ina?"

Alhali a ranar ina zaune a gaban aji, ina gyaɗa kai fiye da kowa. Na ce mata wataƙila ranar ba ni da lafiya.

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Kafin in iso gida ruwan shuka ya sauka, zaure ba kowa, duk an fita gona. Na bi Kawu can da kwamfuta a hammata, na ce yanzu tana magana. Ya ce madalla, in ajiye ta a gindin ɗorawa kada ta jiƙe. Ya ba ni ƙwaryar iri, ya ce in bi bayansa ina zubawa ina rufewa da ƙafa. Layin da na shuka ne ya fito a karkace a shekarar, ana hango shi tun daga hanya.