Alewar Umma da Nonon Dada

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, cikina ya nemi tona mini asiri. An kaɗa ƙararrawar tara, mun fita filin makaranta, ƙasa da ɗan danshi saboda yayyafin da aka yi da sassafe, muka zana gidajen 'yar gala-gala da tsinke, kowa ta fito da kaskonta. Ina cikin tsalle da ƙafa ɗaya, saura gida biyu in cinye wasan, sai na ji wani abu ya murɗa a ƙasan cibiyata, ya saki, ya sake murɗawa. Na sauke ƙafa a kan layi. Ƙawayena suka hau ihu wai na faɗi, ni kuwa ko ta kansu ban bi ba, na kwasa a guje sai banɗakin da ke bayan ajin 'yan shida, wurin da ko da bulala ba ma son shiga. Sau uku na koma can kafin a tashi. A karo na uku ina tsugune, gumi yana keto mini, na gane abin da ya same ni, na kuma gane ba zan iya faɗa wa kowa ba. Alewar Umma na sata.

Gidanmu yana Limawa, cikin Dutse, gida mai faɗin tsakar gida da bishiyar darbejiya a tsakiya, da 'yan bishiyoyin zogale a gefen rijiya. Baba ma'aikaci ne a sakateriya, Umma kuwa tana gida tana ɗinki da keke. Mace ce mai jiki, mai dariya, mai son zaƙi fiye da misali. Shayinta in ka kurɓa sai leɓenka ya manne. To a shekarar nan gwiwoyinta suka fara ciwo, aka je asibiti, likita ya ce nauyinta ya yi wa ƙafafunta yawa, kuma ciwon suga yana bakin ƙofa, lallai ta rage ƙiba. Aka hana ta lemo, aka hana ta sukari a shayi da koko, tuwon dare aka mai da shi ɗan malmala ɗaya. Ni ce mai tsinko mata zogale kullum bayan na dawo daga ɗibar ruwa, in tsige, in dafa, a kwaɗanta da ƙuli ba ko ƙwayar sukari. Tana ci tana mita. "Wannan ai abincin akuya ne, Uwani," haka take ce mini, "Allah dai ya saka mini a kan likitan nan." Mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu, amma wallahi tana shan wuya.

Ana cikin haka ƙanenta, Kawu, ya zo daga Kano da tsaraba: manyan ledoji biyu na wata alewa 'yar mitsitsiya, mai launi-launi, mai ƙamshin lemon tsami da na'a-na'a. Ya ce ta masu rage ƙiba ce, babu sukari a cikinta ko kaɗan, a kantin magani ya saya. Har yau ina jin muryarsa yana cewa, "Yaya, wannan ko buhu kika shanye ba abin da zai same ki." Umma ta riƙe maganar nan da hannu biyu. A ganinta abin da aka sayo a kantin magani ai magani ne, magani kuwa ba ya cutarwa. Ta juye alewar a samira ta ɗora can saman kabet, ta ce ta marasa lafiya ce, ba ta yara ba. Bayan kowace sallah sai ta ce in miƙo mata, ta damƙi cikin hannu ta zube a gefen keken ɗinki, tana taka keke tana tsotsa. Ni kaɗai aka yarda in taɓa samirar nan, domin ni ce ake yabo a gidanmu. Umma kan gaya wa baƙi, "Uwani ko nama ka bar mata a tukunya, yadda ka bari haka za ka tarar." Baba kuwa yana iya yafe fasa kwano da faɗa da ƙin zuwa aike, amma ban da ɗauke-ɗauke. Ya sha faɗa cewa duk yaron da hannunsa ya saba da abin wani, shi ba ɗansa ba ne.

Akwai wata baiwar Allah da ba a yin safiya a gidanmu ba tare da ita ba. Bafulatana ce mai tallar nono daga wata ruga a bayan duwatsu, doguwa, siririya, ta ɗan manyanta, muna kiranta Dada. Tun kafin a haife ni gidanmu ne masaukinta. Nan take fara sauke ƙwarya a gindin darbejiya, ta sha ruwa, ta huta, sannan matan maƙwabta su aiko yara da kwanuka. In ta gama zagaya unguwa ta dawo ta yi azahar a ɗakin Umma, su ɗan taɓa hira kafin ta kama hanya. Ba ta da yawan magana. Ita ta yi wa Umma zaman jego na kwana bakwai lokacin da aka haifi ƙanena, ita kuma ke ɓoyo mini ɗan curin man shanu a ganye ta ce in sa a tuwo in yi ƙiba. Da aka hana Umma fura da sukari, kindirmon Dada zalla shi ne abu ɗaya da ya rage mata na jin daɗi da safe.

Kwana kaɗan da zuwan alewar cikin Umma ya rikice. Ya kumbura, ya riƙa ƙugi har daga tsakar gida kana ji, sai murɗa, sai gudawa. Buta ba ta hutawa. Aka jiƙa mata saiwa, aka dafa ganyen gwaiba, aka sayo ƙwayoyi da ruwan gishiri da sukari na leda, abin ya lafa da safe ya dawo da yamma. Idanunta suka faɗa, ɗinkin mutane ya taru. Abin takaici, da yake ba ta iya cin komai, sai ta ƙara wa alewar wuta, wai ita kaɗai ce ke gyara mata baki. Aka zauna ana lissafa abin da take ci: zogale daga gidanmu yake, tuwo tukunya ɗaya muke ci da ita, ruwa randa ɗaya. Babu wanda ya ambaci alewa, tunda ta kantin magani ce. Abu ɗaya ne ke shigowa daga waje wanda ita kaɗai take sha, shi ne nonon Dada.

A daidai wannan lokacin ne na yi satar. Ranar Litinin da yamma na cika aljihun siket ɗina, ranar Talata da safe na shanye a hanyar makaranta, abin da na faɗa a farko ya biyo baya. Ni ba na shan kindirmo zalla, tsaminsa ba ya yi mini, rabona da nono ya fi mako. Kai, don rashin kunya ma sai da na sake gwadawa ranar Alhamis, wai in tabbatar. Na tabbatar kuwa, har sai da malamin lissafi ya tambaye ni ko aljanu ne ke kirana waje. Ke nan ni kaɗai a duk gidan na san gaskiyar ciwon Umma. Na yi ta juya maganar a raina ina shara, ina wanke-wanke, ina surfe. In na ce alewa ce, za a ce ya aka yi na sani. Na ɓoye nawa ciwon, na riƙa cin tuwo ina murmushi cikina yana kaɗawa, na ja bakina na tsuke.

Ranar Asabar Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya daga Ringim. Gwaggo ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Tana jin labari ta tafa hannu ta ce ai magana ta ƙare, damina ce, masu nono ruwan kududdufi suke ƙarawa don ya yi auki. Washegari da hantsi Dada ta yi sallama ta sauke ƙwarya a gindin darbejiya kamar kullum. Ina tsaye da kwanon Umma a hannu. Gwaggo ta fito ta riƙe ƙugu, ko gaisuwa ba ta amsa ba, ta ce, "Ke mai nono, ki ji tsoron Allah. Me kike zubawa a ciki da kike neman kashe mana mata?" Dada ta ɗago kai ta dube ta, sannan ta dubi ƙofar ɗakin Umma, tana jira. Can muka ji muryar Umma a raunane daga ciki: "Dada, ki yi haƙuri, ki ɗan dakata da kawowa tukuna."

Dada ba ta rantse ba, ba ta yi musu ba. Irinsu ba sa tsayawa cacar baki a gidan mutane. Ta ɗauki ludayi ta ɗebi nonon ta sha, ta sake ɗiba ta sha, har sau uku, a gaban kowa. Ta goge baki da gefen mayafi, ta rufe ƙwarya da faifai, ta ce, "To. Allah ya ba ki lafiya." Ta naɗa gammo ta dube ni, don ni ke kama mata ta ɗora kullum. Na ajiye kwano na kama gefen ƙwaryar. Wallahi har na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na hango takalman Baba a ƙofar ɗakinsa, na mai da bakina na rufe. Da ƙwaryar ta zauna a kanta, ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ta fita. Na shige bayan rijiya na yi kuka, Gwaggo ta zaci tausayin Umma ne, har tana yaba mini.

Magana a unguwarmu ta kan katanga take bi. Kafin mako ya zagayo babu gidan da ke aika kwano wurin Dada, an ce nononta ya kusa kashe matar gidan da take sauka. Ta ɗan ci gaba da shigowa Limawa, ina hangen ta daga nesa in na taso daga makaranta, tana zaune a bakin hanya cikin rana, ƙwarya a rufe. Sai in canza lungu. Daga baya na daina ganinta gaba ɗaya. Umma ta ƙara kwana goma tana fama, aka ce dafin ne bai gama fita ba. Ranar da samira ta koma wayam, ciki ya kwanta, kowa ya ce ai ga shi nan, da ma nonon ne.

Shekaru sun tafi. Na yi aure, na haifi uku, jikin Umma ya bayyana a jikina, ni ma likita ya ce in rage. Bara na shiga wani kantin magani a Dutse na ga irin alewar nan, mai kantin yana miƙo mini yana cewa, "Hajiya, biyu ko uku a rana, in ta yi yawa tana sa kumburi da gudawa." Ya faɗe ta a sauƙaƙe. Ban wuce gida ba, na zarce Limawa. Na tarar da Umma a tabarma tana jan carbi, ta tsufa, ta rame da kanta ba tare da wani likita ba. Na durƙusa na kwashe komai na gaya mata, tun daga aljihun siket har zuwa takalman Baba, Allah ya ji ƙansa. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta yi dariya irin tata. Sai ta ce, "Uwani, ni ma na sani. Kina hutu a Ringim kawunki ya sake kawo wata, kwana biyu ciwon ya dawo, alhali ko ɗigon nono ban sha ba. Na zuba ta a masai ban gaya wa kowa ba. Kullum sai in ce gobe zan sa a kai ni rugarsu, sai in rasa da wane ido zan dube ta." Ta share fuska da gefen hijabi ta ce, "Ke yarinya ce. Ni fa?"

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na ɗauke ta a mota muka bi ta bayan duwatsu. Inda rugar take an yanka filaye, gidajen bulo sun tashi, wasu ko rufi ba a yi musu ba. Wani dattijo da muka samu a gindin giginya ya ce mutanen sun daɗe da kora shanunsu, wasu sun ce wajen Taura suka yi, wasu sun ce sun wuce nan. Bai san wata Dada ba, ya ce kowace ruga da Dadarta. A nan muka gane cewa duk shekarun da ta yi tana sallah a ɗakinmu, daga ni har Umma babu wanda ya san sunanta na yanka.

Yanzu nono a roba nake saya, mai murfi da takarda, daga firij ɗin kanti. Yarana ba su san mai nono tana da masauki ba, ba su san ana kama wa mutum ƙwarya ya ɗora ba. In abu ya ɓata musu ciki sai a duba bayan leda a karanta, a wuce wurin, ba a ɓata wa kowa suna. Ni kuwa duk Bafulatanar da na gani da ƙwarya a bakin titi sai na rage gudu na leƙa fuskarta, ko da yake na san in tana raye ta wuce ɗaukar kaya. Ta sa mini albarka a ranar da na ci amanarta, kuma har yau ban sami inda zan kai mata ban-haƙuri ba.