Gonar Kaikai da na je saye na dawo ban saya ba

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Katsina daga Kano, mu uku: ni, da ƙanena mai tuƙi, da wani abokina lauya da na matsa wa sai da ya biyo mu. Wani dillali a Kankiya ne ya yi mini maganar wata gona a Kaikai ta ƙasar Kusada, ya ce mai ita na neman mai saye da gaggawa. Na daɗe ina son wurin da zan dasa mangwaro, amma ni ba na sayen ƙasar da ban taka da ƙafata ba.

Farkon kaka ne, hanya gwanin kyau. Daga Bichi har Tsanyawa dama da hagu gero ne an girbe an jingine, dawa kuma ta sunkuyar da kai. A Gidan Mutum Ɗaya muka tsaya shan koko da ƙosai. Ƙosansu manya ne, kuma sun fi na unguwarmu araha nesa ba kusa ba. Lauya, wanda ya ce shi ba ya karyawa da wuri, shi ya nemi ƙari.

Da hantsi muka isa Kankiya muka ɗauki dillalin a bakin tasha. Mutum ne mai zaƙin baki. Kafin mu kai Kusada ya gama dasa mini mangwaron, ya yi 'ya'ya, har ya samo mini masu sari. Kwalta ta raka mu har Kusada, daga nan sai burji mai yashi, inda muka riƙa kauce wa amalanken shanu ɗauke da dammunan gero.

A bakin gonar muka tarar da mai sayarwa, Malam Sada, dattijo mai fara'a. Ya ce gonar mahaifinsu ce da ya rasu shekarun baya, kuma yana son ya sayar ya kama sana'ar hatsi a Kankiya. Muka zaga iyaka, gamba ce layi guda har zuwa wata aduwa. Ƙasar jigawa ce mai laushi, raina ya kwanta da ita ƙwarai. Sai dai gefen gabas gyaɗa ce aka tuge aka shanya, alhali sauran duk karan gero ne. Lauya ya tambayi wanda ya noma wurin.

"Ƙanwata ce, Hajo," in ji Malam Sada. "Ɗan wuri ne na bar mata tana taɓawa."

"An raba gadon?"

Malam Sada ya dubi dillali, dillali ya dubi sama. Ba a raba ba. Lauya ya ja ni gefe ya ce muddin ba a raba gado ba, kowane taku na gonar nan akwai haƙƙin kowane magaji a ciki, kuma sa hannun babban wa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Na ce to a kai mu wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare mu a zaurensa, ya sa aka kawo fura da nono mai kauri, sannan ya aika aka kira Hajo. Mace ce da ta manyanta, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida kowa. Da aka faɗa mata abin da ya kawo mu, sai ta juya wajen wanta.

"Yaya, ashe saida ta za ka yi ba ka hwaɗa mani ba? Da gyaɗar nan nike ciyar da ɗiyana. Kai ka saida naka, ban hana ka ba. Nawa dai a bar mani."

Ba ta ɗaga murya ba. Malam Sada ya ce shi niyyarsa in an sayar ya ba ta rabonta a hannu. Ta ce ita ƙasa take so. Mai unguwa ya ce gaskiyarta, ya kuma tuna masa da ƙaninsu da ke aiki a Legas, wanda shi ma ba a tuntuɓa ba. Nan na ce ni na janye har sai an raba. Lauya ya ba su shawarar su je kotun shari'a a Kankiya a fitar wa kowa da nasa a gaban shaidu, na Legas kuma ya zo ko ya naɗa wakili a rubuce. Dillali ne kawai bai ji daɗi ba.

Mun yi la'asar a Kankiya, muka ci tsire mai ƙuli, muka iso Kano bayan magariba, a gajiye amma raina fes.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka tambayi kuɗin gona, tambayi yadda mai ita ya same ta. In ya ce gado ce, tambayi ko an raba, ka kuma nemi ganin sauran magada ido da ido, musamman mata, don su aka fi mantawa da su.

Shekaranjiya Malam Sada ya kira ni. An raba, na Legas ya zo, Hajo ta samu gefen gabas ɗinta. Ya ce nasa kason ya ragu, ko har yanzu ina so? Na ce ina so, da sharaɗin Hajo ce za ta fara sa hannu cikin shaidu, tunda da ita zan haɗa iyaka.