Mika'ilu Mai Ganga da Kiɗan da Zarensa Ya Ƙare

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Mika'ilu, wanda jama'a suka fi sani da Mika'ilu Mai Ganga, a garin Aujara da ke ƙasar Jahun, a daminar shekarar 1938 bisa ƙiyasin dattawa, domin a wancan zamani ba a rubuta ranar haihuwa a karkara. Mahaifinsa shi ne Tanimu, makaɗin manoma, wanda ya gaji gangar noma daga kakanninsa. Mahaifiyarsa kuwa Yalwa ce, 'yar wani majemi mutumin Kiyawa. Shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakinsu.

Karatu da Koyon Sana'a

Yana da kimanin shekara shida aka sa shi makarantar allo a ƙofar gidan limamin unguwarsu, inda ya yi karatu har izu goma, bai samu zarcewa ba saboda mahaifinsa ya buƙaci mai raka shi gona da ƙaramar ganga. A hannun mahaifin nan ya karɓi ƙa'idoji biyu waɗanda ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Ta farko, babu kiɗan da ba shi da mai shi: kowane bugu take ne, ko na mutum, ko na zuriya, ko na sana'a. Ta biyu, a wajen gayya makaɗi ba ya sauke gula sai a kan ƙarfi, lokacin da samari suka kai kunyar ƙarshe, domin a sallami jama'a jininsu na tafasa. Wanda ya ƙare kiɗa a sanyaye, in ji Tanimu, ya kashe gayyar baɗi.

Aure da Shekarun Fari

A shekarar 1962 ya auri Huseina, 'yar maƙwabcinsu, wadda ita kaɗai ya zauna da ita tsawon rayuwarsa. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1967 ganga ta dawo hannunsa, har ya zamana ba a gayyar kirki tsakanin Aujara da Jahun ba a aiko masa da goro ba. Farin da aka yi a 1973 ya katse wannan al'amari, domin inda babu shuka babu gayya. Ya tafi Ringim ya shiga dako a kasuwa da tashar jirgin ƙasa, daga nan kuma bai sake samun zama wuri guda ba: rani a Ringim, damina a gida, wata shekarar Gumel, wata Haɗeja.

A Ringim ya haɗu da Mailafiya, wani mai goge, wanda ya zama amininsa kuma abokin gardamarsa. Mailafiya yana kiransa Mai Dukan Fata, shi kuma yana ce masa Ɗan Izga, saboda izgar doki da ake yi wa goge tsirkiya da ita. An shaide su da cewa ba su taɓa rabuwa ba tare da musu ba, ba su kuma taɓa yin wata guda ba su nemi juna ba.

Komawa Dutse da Samun Kaset

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama hedikwata, sai ya kwashi iyalinsa a farkon 1992 suka sauka a bayan unguwar Takur. Ya samu aikin leburanci a wani kamfani mai haƙa rijiyar burtsatse, ƙarƙashin wani injiniya mutumin gabashin Turai da ma'aikata ke kira Baturen Rijiya. Al'adar wannan mutum ce idan rana ta take ya shiga motar aiki ya sa wani kaset. Sauran ma'aikata sukan ce hayaniya ce, su koma inuwa. Mika'ilu kuwa yakan ƙi cin abinci ya tsaya a jikin ƙofar mota har a koma aiki. Da gurguwar Hausarsa injiniyan ya fahimtar da shi cewa makaɗa kusan ɗari ne suke wannan kiɗa a zaune wuri ɗaya, akwai kuma mutum guda a tsaye riƙe da siririyar sanda, ba ya busa komai, ba ya dukan komai, amma ba mai motsi sai da izininsa. Mika'ilu ya ce lalle wannan gayya ce, mai sandar kuma shi ne sarkin nomansu.

A lokacin rikicin siyasa na 1993 kamfanin ya tashi, injiniyan ya bar masa kaset ɗin a matsayin tukuici. Babu rubutu a jikinsa, kuma Mika'ilu bai tambayi sunan kiɗan ba, domin bai yi zaton zai buƙace shi ba. Ya sayar da akuya ya sayi rikoda, a ranar ce kuma ya fara jin kaset ɗin daga farko har inda ya tsaya.

Kamar yadda ya riƙa bayyana wa mutane, kiɗan kashi huɗu ne. Na farko yana farawa ƙasa-ƙasa kamar mutum na magana daga cikin rijiya, sannan goge masu yawa su ɗauka da lallashi, sai kwatsam a yi wata tsawa da takan sa Huseina zubar da tsaba. Na biyu rawa ce mai ɗingishi, wadda ya daɗe yana neman inda zai sa mata ƙafa. Na uku shi ne wanda ya fi ƙauna: kakaki da tambura suna ta hawa, suna ƙara hawa, kamar samari sun hango kunyar ƙarshe, har su dire da ƙarfin da ke girgiza murfin rikoda. A nan duk makaɗin kirki zai sauke gula. Amma bayan ɗan shiru, a kashi na huɗu, sai gogen su sake tashi da wani irin kuka mai gangarowa, ba ganga ko ɗaya, kafin kuma su kai ko'ina zaren kaset ya ƙare.

Shekarun Nema

Daga wannan rana hankalinsa bai sake kwanciya ba. Abu biyu yake son sani: taken wane ne wannan, kuma shin gangunan suna dawowa kafin a rufe kiɗan? Ya ɗauki rikoda ya tafi Ringim. Mailafiya ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Mai Dukan Fata, ka haƙura. Gogen da ya fara irin wannan kuka ba ya miƙewa. An gama da ku masu ganga, sallamarku aka yi." Mika'ilu ya amsa: "Kai dai Ɗan Izga, ka saba da makoki. Mutum ɗari su taru, da sarkinsu a tsaye, su sallami jama'a da hawaye? Hutawa masu ganga suke yi, za su dawo." Wannan musu ya ɗauke su shekara goma sha uku.

A tsakanin 1994 da 1999 ya kai kaset ɗin wurin masu sayar da kaset a Dutse da Kano, suka ba shi na Indiya da na Sudan, ya mayar musu. Ya je wurin shugaban masu badujala na wani bariki, wanda ya gaya masa cewa ana kiran irin wannan kiɗa simfoni, kuma akwai dubbansa, neman guda babu suna kamar neman ƙwayar gero ce a rumbu. Ya je wurin mai koyar da waƙa a wata majami'a, aka karɓe shi da mutunci, amma ba a san kiɗan ba. Ya zamana duk Baturen da ya gani a kasuwa sai ya tare shi ya rera masa kukan gogen da baki, har 'ya'yansa suka riƙa jin kunya. A wannan lokaci yana aikin gadin famfo a unguwarsu, sau biyu kuma ya kusa rasa aikin saboda tafiye-tafiye. An ji Huseina tana cewa: "Malam, da ka nemi Hadisi kamar yadda kake neman wannan abu, da yanzu kai ke ja mana salla."

Zamanin Shari'a

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, Mika'ilu yana cikin waɗanda suka yi murna. Yayin da kaɗe-kaɗe suka ja baya a wuraren taro, ya rataye gangarsa a zaure da hannunsa, bai jira an ce masa ba. Mailafiya ya fi shi shan wahala, domin an fi ƙyamar goge. Ya naɗe nasa a buhu ya koma sayar da rake. Duk da haka idan suka haɗu musun nan ne dai, sai dai yanzu sukan rage murya.

Babban ɗansa Sharhabilu, mai gyaran rediyo, yana cikin matasan da suka ba da kansu ga aikin hisba, ya kuma roƙi mahaifinsa ya daina sa kaset ɗin saboda maganar mutane. Mika'ilu ya kai al'amarin gaban limamin unguwa, wanda ya ce malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ya shawarce shi kada abin ya shagaltar da shi daga salla, kada kuma sautin ya tsallake katangarsa. Ya bi wannan sharaɗi. A 2002 rikoda ta tauna zaren har ya tsinke, Mika'ilu ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Sharhabilu ne ya ɗauki kaset ɗin, ya yanke inda ya lalace, ya liƙe da jan farcen ƙanwarsa, ya naɗe zaren da biro ya dawo da shi. Daga baya zaren ya sake tsinkewa, kowane gyara kuma yana rage kiɗan, har Mika'ilu ya fara tsoron sa shi, ya koma jin sa jefi-jefi, yana kwana yana tashi da fargabar cewa ko shi ko zaren wani zai riga ƙarewa.

Jinya da Jin Ƙarshen Kiɗa

A farkon 2006 ciwon zuciya ya kwantar da shi a wani asibiti a Dutse, inda 'yarsa Zuwaira ke aikin jinya. Ko a kan gado bai daina buga ƙarfen gadon da yatsa yana rera kukan gogen ba. Wani likita mutumin Haɗeja, wanda ya yi karatunsa a gabashin Turai, ya ji shi wata safiya ya tsaya, ya ƙarasa masa rerawar. Ya ce: "Baba, ina ka samo wannan? Ai na taɓa zama a zauren da ake yin sa, ina kuma da faifansa a gida." Ya faɗi sunan wanda ya tsara kiɗan, amma ba wanda ya iya riƙe shi a cikin iyalin.

Washegari likitan ya kawo faifan da na'urarsa, sai Mika'ilu ya ƙi a sa. Ya ce ba zai ji ba sai Mailafiya na zaune, domin in ya ji shi kaɗai Ɗan Izga zai ce ƙarya ya yi. Ya kuma hana likitan gaya masa yadda kiɗan ya ƙare. Zuwaira ta nuna masa cewa jikinsa ba na jira ba ne, ya ce ya jira shekara goma sha uku. Aka sallame shi ya koma gida, aka aika Ringim aka tarar Mailafiya ya tafi sarin rake wajen Haɗeja. Sharhabilu ya hau babur ya bi shi kasuwa-kasuwa har ya same shi, ya goyo shi zuwa Takur, a lokacin numfashin mahaifinsa ya fara sarƙewa.

Bayan sallar La'asar likitan ya zo da na'urarsa, aka jingina Mika'ilu da bango a tsakar gida, aka sa faifan daga farko. Da aka wuce inda zaren ya saba ƙarewa, ya ɗaga hannun dama kamar mai riƙe da gula, yana jiran shigowar ganguna. Gogen suka hau, suka faɗo, suka sake hawa. Aka ji kuge sau ɗaya daga nesa. Daga nan kiɗan ya yi ta sauka, ƙananan goge suka yi shiru suka bar manya, manyan ma suka yi ta ja baya har ba wanda ya iya cewa ga inda suka tsaya. Hannunsa yana sama har na'urar ta tsaya.

Mailafiya, wanda ya shekara goma sha uku yana tanadin dariyar wannan rana, bai yi ta ba. Da ƙyar ya ce: "To, Mai Dukan Fata, ina gangunan?" Mika'ilu ya sauke hannu ya ce: "Kurma kawai. Ba ka ji bugun nan a ƙarƙashi ba? Manyan gogenku aka ba aron ganga, suka riƙe ta har ta tsaya." Mailafiya ya ce: "Amma dai a sanyaye aka sallami jama'a." Mika'ilu ya ce: "A sanyaye. Ba gayya ba ce ashe. Kuma na gane mai taken, ba sai likita ya faɗa ba; kowa ma in ya kai kunyarsa ta ƙarshe a duniya zai amsa shi." Likitan ya tambaya ko a sake sa masa, ya ce a'a, ya ji. Huseina ta shaida cewa tun da aka kawo kaset gidan ba ta ga ya yi barci mai nauyi irin na wannan rana ba.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Mika'ilu ya rasu da hantsin wata Alhamis a watan Safar, wanda ya yi daidai da Maris na 2006, yana da kimanin shekara sittin da takwas. Limamin unguwa ya sallace shi a ƙofar gidansa bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Dutse, Mailafiya yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya bar matarsa Huseina da 'ya'ya biyar: Sharhabilu, mai gyaran rediyo a Dutse, Zuwaira, ma'aikaciyar jinya, Kamilu, manomi a Aujara, wanda gangar ta koma hannunsa, Bilki, tana aure a Ringim, da autarsu Zakiyya. Kaset ɗin yana wurin Sharhabilu, wanda bai sake sa shi ba, bai kuma yarda a yar ba. Allah Ya gafarta wa Malam Mika'ilu, Ya ba shi hutun da bai samu ba a duniya.