Kawu da Masu Ɗinkin Buhu

Kawuna dillalin albasa ne a unguwar Kalley, cikin masu yanke farashi tun albasar tana ƙasa a gonakin Tahoua. Na daɗe ina mamakin yadda ba ya faɗuwa.

Wata shekara aka ce albasa za ta yi tsada, dillalai suka shiga rububin saye. Na taso daga aiki na iske shi yana shan shayi, wayarsa a kife.

Na ce, "Kawu, kowa na saye, kai kana zaune?"

Ya ce, "'Yata, bari mai kamyo, direban motar kaya, ya iso."

Da mai kamyon ya iso daga Tahoua, kawu bai tambaye shi kuɗin albasa ba. Cewa ya yi, "Masu ɗinkin buhu fa?"

Mutumin ya ce, "Aiki ya hana su ɗaga kai."

Kawu bai sayi komai ba. Da aka cire albasa, sai ta cika kasuwa, ta yi arha tuɓus.

Na matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Manomi ya iya kukan babu, amma ba ya sayen buhun da ba zai cika ba."