Ƙaryar da Aka Karanta a Kan Gawar Nagode Buba

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, kasuwar Mafara tana tsakiyar ci, aka zo har rumfata aka ce mini kin rasu. Nagode Buba, ƙawata, 'yar'uwata a zumuntar mata ta cocinmu, malamar asibitin da ta ƙarar da ƙarfinta a ƙauyukan Maradun. Hawan jinin da kika daɗe kina rainawa ne ya kayar da ke a bakin murhu. Kafin a kai ki asibiti Ubangiji ya karɓi abinsa.

Na so in rubuta miki kalmomi masu sanyi, Nagode, amma raina a ɓace yake, kuma kin san ban iya haɗiye fushi ba. 'Yarki Rifkatu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Washegarin binne ki ta zaunar da ni, idanunta sun kumbura, ta ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya. Mama asarar rayuwarta ta yi?" Yarinyar da kika rena ke kaɗai tun rasuwar ubanta, ita aka jefa cikin shakkar ko uwarta abar kunya ce.

Ni na san ki. Lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa yankin Damaga, inda kike aiki, ma'aikata da yawa suka nemi a sauya musu wurin aiki, kuma ban ga laifinsu ba, rai ba abin wasa ba ne. Ke kika ƙi. Na yi miki faɗa har na gaji, kika ce mini mata ba su daina naƙuda don hanya ta lalace. Da mutanen ƙauye suka gudo suka cika wata makarantar firamare a Maradun, a cikin aji kika karɓi haihuwa, kika kwance zanen zumuntarki kika naɗe jaririn. Ba waliyiya ba ce ke, bakinki da zafi. Uwar da ta daina ba ɗanta magani don ya fara wasa, sai ta sha masifarki a gaban kowa, sannan ki bi ta gida da garin kunu. Ba ki taɓa zuwa Gusau bin ƙarin girma ba, a ƙaramin muƙaminki kika tsufa, a ɗaki biyu na haya.

To, ranar jana'iza aka kafa rumfa a ƙofar gidan, aka ɗaura lasifika. Kamar yadda muka saba, aka kira ɗan'uwa ya karanta tarihin mamaciya. Yayanki Labaran, wanda ya zo daga Abuja da abokansa, shi ya miƙe. Wai ke babbar jami'a ce a ma'aikatar lafiya. Wai kin je kwas ƙasashen waje. Wai kin bar gidaje a Gusau. Kai, jama'a! Gawarki tana kwance a gabansa yana zuba wannan, bai ambaci Damaga ko sau ɗaya ba. Mutane suna ta cewa amin, fasto ya sunkuyar da kai.

Da na tare Labaran daga baya, ko a jikinsa. Ya ce, "Suna na gyara mata. Baƙina suna zaune, in ce musu ƙanwata a ɗakin haya ta mutu?" Shi ne kuma ya ja Rifkatu gefe ya ce ta buɗe idonta, kada ta ƙare kamar uwarta.

Labaran, wa ya ce maka sunanta yana buƙatar gyara? Ubangijin da kake yi wa waƙa kowace Lahadi a komin dabbobi aka kwantar da shi, bai mallaki ɗaki ba, kabarin ma na wani aka sa shi. Da kai aka ba tarihinsa ka karanta, na tabbata shi ma da ka ƙara masa gidaje.

Kuma ba kai kaɗai nake jin haushi ba. Ikilisiya ce ta koya maka. Lokacin ba da shaida a coci ya zama lokacin nuna makullin mota. Mai sabon gida ya fito, a yi guɗa. Mai ƙarin girma ya fito, a buga ganga. Na tuna Lahadin da Nagode ta fita gaba, fuskarta cike da murna, ta ce a taya ta godiya, wani yaro mai tamowa da ta daɗe tana jinya ya fara tafiya. Tafin da aka yi mata ko kaza ba zai kora ba. An mayar da albarkar Allah abin da ake fakawa a ƙofar coci, shi ya sa ka duba rayuwarta ba ka ga abin faɗa ba. Alhali abin da za a tambaye mu a ranar ƙarshe ba shi ke nan ba. Za a tambaye mu mara lafiyan da muka duba, da mai yunwar da muka ciyar, da ko mun riƙe amanar ɗan abin da aka danƙa mana.

Ga abin da na gaya wa Rifkatu, don ita tana gaba kusa da akwati, ba ta gani ba. A can baya, kusa da ni, akwai mata daga Damaga. Musulmi ne, da azumi a bakinsu, sun biyo hanyar da maza ke tsoron bi don su yi gaisuwa. Suna jin tarihin nan sai suka fara kallon juna. Babbarsu, Hadizatu, ta miƙe ta gyara mayafi ta ce mini, "Baiwar Allah, ki yi muna gafara, mun ɓace gida. Wagga da aka faɗi ba mu san ta ba. Mu Nagode mai allura muka biɗa, wadda ta karɓi ɗiyanmu."

Na riƙe hannunta na ce gidan ke nan, ita ce a cikin akwatin. Sai matar nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, sauran suka kama. Duk taron nan, kukansu ne kaɗai aka yi wa ainihin matar da ta mutu.

Da na gama, Nagode, sai Rifkatu ta ce ranar Lahadi mai zuwa, in an kira masu shaida, za ta fita gaba ta sake ba da tarihinki daga farko, da ɗakin haya da komai, ko an tafa ko ba a tafa ba. Na ce mata ina bayanta a tsaye.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, Nagode, ya yafe miki kurakuranki, ya share gumin da kika zubar. Ya ta'azantar da Rifkatu, ya zama mata uwa da uba. Ya ƙarfafa dangin Buba da zumuntar mata, ya tsare matan Damaga a hanyarsu da gidajensu, ya ba ƙasarmu salama. Labaran ma Allah ya gafarta masa, ni kuwa ya sanyaya mini zuciya, don har yau bakina ya ƙi gaishe shi. Ki huta, ƙawata. 'Yarki ba ta jin kunyarki.