Wasiƙar da Farfesa Nandonde ba ta kai ga aikawa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Farfesa Mwanahawa Nandonde, malamar ilimin aikin jiki da ilimin guba a jami'armu ta nan Mtwara. Tana tsaye gaban ɗalibai tana zana musu yadda hanta ke tace jini, sai ta dafa tebur, ta zame ƙasa. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunta hamsin da takwas.

Mama, yau kwana shida ke nan, har yanzu hannuna bai yarda ya rubuta "marigayiya" gaban sunanki ba. A littafin da nake rubuta abubuwan kowace rana, shafin Talata layi biyu ne kawai. Na farko ya ce na wanke kwalaben gwaji arba'in da ɗaya. Na biyu ya ce, "An ce Mama ta faɗi." Daga nan ban ƙara ko harafi ba.

Ni ba malami ba ne. Iyakar karatuna sakandare. Shekara goma sha bakwai da suka wuce kika same ni ina share ɗakin gwaji, kika ga ina rubuta zafin firij a bayan kwali ba wanda ya sa ni, kika ce gobe in zo da farar riga. Ke kika koya mini auna gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, wadda ke shanye ƙafafun yara a ƙauyukanmu idan fari ya matsa aka ci garin da bai gama sarrafuwa ba. Lokacin da matata ta sha wuyar haihuwar Zuhura, ke kika tuƙa mu asibiti da kanki, kika zauna a benci har aka fito da jaririya. Tun daga ranar ba ki sake kirana Selemani ba, sai Baban Zuhura.

Ranar Alhamis shugaban sashenmu, Dakta Mrope, ya sa ni in haɗa jerin ayyukanki don taron tunawa da ke. Na ƙirga sau uku, saboda ban yarda da ƙirgata ba. Maƙala sittin da uku. Masu bincike a duniya sun kafa hujja da su sau dubu biyu da ɗari da arba'in. Ke kam ba ki taɓa damuwa da wannan adadi ba. Duk lokacin da aka zo miki da albishir cewa ya ƙaru, sai ki ce, "To, a cikin masu ambaton nawa mutum nawa ne suka taɓa cin tuwon rogo? Ku kawo mini shayina."

Maƙala ɗaya ce ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na adadin, wadda aka buga shekara tara da suka wuce. Ita ce ta ce idan aka jiƙa garin rogo aka baza shi a inuwa, awa biyu ta isa gubar ta ragu har a ci. Daga ita aka yi hotunan da ke manne a asibitocin ƙauye. Sunana ne na huɗu a kanta. Ke kika dage a sa shi, wasu suna gunaguni.

Wannan awa biyun kuskure ne, kuma ni na yi shi.

A ƙauyen Chiwindi muka yi aikin. Da safe nakan bi gida gida in tambayi mata lokacin da suka baza garin, su faɗa mini da lissafin gida, wanda ke farawa daga fitowar rana, in rubuta yadda suka faɗa. Sun ce biyu, na rubuta biyu, wato ƙarfe takwas a agogon ofis. Da yamma kuwa, idan na zo kwasar garin, sai in duba wayata in rubuta abin da ta nuna, huɗu. Wanda ya karanta takardar zai ga daga biyu zuwa huɗu. Garin nan awa takwas ya yi a shanye. Gida talatin da ɗaya na yi wa haka, ban lura ba, ba wanda ya lura.

Watan jiya wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto miki cewa ta ga yara uku da ƙafafunsu suka sandare, alhali iyayensu mata sun rantse sun bi abin da hoton ya ce. Kika sa ni in fito da tsofaffin takardu. Takardun ba su nuna komai ba. Littafina ne ya tona: na rubuta cewa mata sun baza gari muna shan shayin safe, mun kwashe bayan sallar la'asar. Kwana biyu na yi da shafin a aljihu ban iya nuna miki ba. Ranar Juma'a, goma ga wata, na ajiye shi a teburinki, na tsaya ina jiran kora.

Kin karanta, kin cire tabarau. Sannan kika ce, "Baban Zuhura, zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar ɗan sanda. Shekara da shekaru ina maka dariya kana rubuta har yawan ƙudajen da suka shigo ɗakin nan, ashe ranar littafin naka na zuwa."

Na ce, "Mama, a cire sunana, a ce ni ne."

Kika ce, "Kai ka rubuta, ni na sa hannu. An haife ni a Newala, uwata ba ta taɓa faɗin lokaci da agogon Bature ba, amma ban tambaye ka da wane lissafi ka rubuta ba. Wa ya fi wani laifi? Share hawayenka, ka kawo mini adireshin editan mujallar da ta buga maƙalar."

Ranar Litinin kika rubuta wasiƙar, shafi ɗaya da rabi, kina roƙon mujallar ta janye maƙalar. Kin karanta mini ita a bayyane, kin gyara kalma biyu, kin sa hannu a kwafin takarda kin ba ni in adana. Kika ce za ki aika gobe bayan darasi, domin kina so ki fara sanar da shugaban sashe, kada ya ji a waje. Darasin ne ba ki gama ba.

Da na kai wa Dakta Mrope jerin, na ɗora wasiƙar a sama. Ba mugun mutum ba ne, ɗalibinki ne, kuma ya yi kuka a maƙabarta fiye da ni. Ya ce, "Selemani, don Allah a bari a yi addu'ar arba'in. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, za mu ce wa duniya aikinta mafi girma kuskure ne? Me za a ce da mu?" Na ɗauki wasiƙar na fita. Na koma na zauna ina lissafi. Kafin arba'in ɗin ta cika mun shiga rani sosai a nan yankinmu, masara ta fara ƙarewa a rumbuna, an koma ga rogo mai ɗaci. Hotunan kuma suna nan a bango.

Na yi ta tambayar kaina ko ina da hurumin yin haka, ko kuwa ina neman sauke nauyin da ke kaina ne kawai da sunanki. Har yanzu ban san amsar ba. Na je gidanki na nuna wa babbar 'yarki Shamsa wasiƙar. Ta karanta har ƙarshe, ta shafa inda kika sa hannu, ta ce, "Yaya Selemani, me kake jira?"

Yau Litinin, ashirin ga wata, ƙarfe tara da minti goma na safe a agogon ofis, na aika wasiƙarki ga editan, a matsayina na ɗaya daga cikin marubutan. Na haɗa da hoton shafin littafina. Na kuma sanar da Dakta Mrope kafin in aika. Adadin da za a karanta a taron tunawa da ke zai ragu, wataƙila a daina ganin sunana a ko'ina. Ina roƙon duk ma'aikacin lafiya da ya karanta wannan, idan akwai hoton nan na awa biyu a bangon asibitinsa, ya cire shi yau, ya faɗa wa mata kada su dogara da shi har sai an sake gwaji.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Mwanahawa, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka rubuta mata ladan gyaran da ta yi niyya. Ka ba yaran nan uku lafiya, ka yafe mini abin da hannuna ya jawo musu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Baba Lipanga, da Shamsa da ƙannenta, da 'yan uwanta na Newala, da ɗalibanta, musamman waɗanda suke ajin ranar Talata. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Selemani Likoko, ɗakin gwaji na biyu, Mtwara.